A auna ƙasar tsakar gida kafin dalma ta shiga jinin yara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin hukumomin jihohin da ake haƙar zinariya, musamman Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna. Aikinmu binciken ma'adinai ne, a ƙasar noma da kayan tarihi da jikin ɗan Adam, kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne har yau sai yara sun fara faɗuwa da jijjiga ake tunawa da awon ƙasa.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura yara na mutuwa fiye da kima a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, daga baya Bagega. Yara fiye da 400 ne suka rasu. Dutsen da ake samun zinariyar a cikinsa yana haɗe da dalma, kuma ruwa da iska sun riga sun sauya wani ɓangarenta zuwa nau'in da ke saurin narkewa a ruwan ciki. Ana kawo dutsen gida, a farfasa, a niƙa shi a bushe a injin niƙan hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. A wasu wuraren awo ya nuna dalma sama da miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi. Ba a auna ba sai bayan an yi jana'iza.

Na'urar da ake wannan awo da ita, XRF, ta hannu ce, nauyinta bai kai kilo 2 ba. Tana harba haske irin na hoton ƙashi a kan samfuri, kowane sinadari ya mayar da nasa alamar, cikin daƙiƙa 30 zuwa 60 a ga sakamako. Irin wannan awo masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara aiki a yankin Nok tun 2005, suka yi amfani da shi wajen kwatanta yumɓun mutum-mutumin Nok da na tukwanen da aka tono tare da su. Shi ne kuma masanin noma ke duba sinadaran ƙasar gona da shi. Ke nan na'ura ɗaya a jami'a ko ma'aikata za ta iya yi wa sassa uku aiki, in an daina kulle ta a ofishin mutum ɗaya.

Sai dai na'ura ba ta gyara samfurin da aka ɗauko ba daidai ba, kuma a nan aka fi yin kuskure. Yaro ba ya cin ƙasar da ke can ƙarƙashi, ta sama yake ci, don haka a kankaro santimita 2 na sama kawai. Wanda ya haƙa rami mai zurfi ya gauraya, ya surka gurɓatacciyar ƙasa da mai kyau, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, a ce gida lafiya lau. A ɗebo daga wurare biyar a kowane sashe, a haɗa su samfuri guda, amma kada a haɗa sashe da sashe: gindin turmi daban, wurin shanya daban, ɗakin kwana daban, bakin rijiya daban. A shanya shi ya bushe sarai, domin danshi yana rage abin da na'urar ke gani, shi ya sa awon da aka yi kai tsaye a ƙasa da damina ba abin dogaro ba ne. A tankaɗe da rariya mai ido ƙanana, kamar maikuron 250, wato rubu'in milimita, saboda lallausar ƙurar ita ce ke manne wa hannu, kuma sau da yawa dalmar ta fi yawa a cikinta. A zuba a leda marar kauri, a auna sau uku ana juya ledar, a ɗauki matsakaici.

Kowace safiya a fara gwada na'urar da samfurin da aka san adadinsa. Inda dalma ta yi yawa, alamarta tana danne ta sinadarin asinik, wanda shi ma guba ne, sai a ɗauka babu shi alhali yana nan. Saboda haka aƙalla samfuri ɗaya cikin 20 ya tafi babban ɗakin gwaji. Muna da irinsu a gida: Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, wanda ake tantance sinadaran ƙasa da tsirrai da shi. Kuma kada mai awo ya riƙe samfuri a tafin hannu ya harba, hasken na ratsa nama.

Ga manoma, akwai abin da ya kamata ya kwantar musu da hankali, akwai kuma na tsoro. Gero da dawa da masara ba sa jan dalma da yawa ta saiwa zuwa cikin ƙwaya. Binciken da aka yi a Zamfara ya nuna yawancin gurɓatar abinci bayan girbi take faruwa: shanya a ƙasa, sussuka, daka a turmin da aka daka dutse, niƙa a injin da ya niƙa dutse, buhun da ya ɗauko dutse ya dawo da hatsi. Injin da ya taɓa niƙa dutse ya bar hatsi har abada, wanki ba ya fitar da abin da ya maƙale a haƙoransa. Ganye irin su alayyafo da yakuwa da rama ƙura suke kwasa, a wanke su sosai da ruwa mai tsabta.

Abinci kansa kariya ne. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, in kuma yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam sai ya ƙara tsotsewa, domin ta ƙofarsu take shiga. Wake, hanta, nono da zogale suna da amfani a nan.

A asibiti ma akwai tarko. Jinin da aka ɗiba a yatsa mai ƙura zai nuna adadi sama da gaskiya, sai an wanke hannun da sabulu, a kuma tabbatar da jinin jijiya. Ƙaramar na'urar awon jini da ake zuwa ƙauye da ita ba ta karanta abin da ya wuce maikurogiram 65 na dalma a desilita ɗaya na jini, sai an surka jinin ta hanyar da aka tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a nemo inda gubar ke fitowa, daga 45 kuma a duba ba yaro maganin da ke wanke ta. Amma in aka ba shi magani aka mayar da shi gidan da ba a gyara ba, an yi aikin baban giwa. A Zamfara sai da aka kankare kimanin santimita 5 na ƙasar gidaje, aka binne ta a rami nesa da gari, aka shimfiɗa sabuwa, sannan maganin ya yi tasiri.

Kwalli ma yana cikin lissafi. Wanda aka niƙa daga baƙin dutse mai ƙyalli dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da aka riƙa sa wa kwallin da aka kai daga Najeriya, awo ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ungozomomi da kakanni, don Allah a daina sa wa jarirai.

Roƙonmu ga gwamnoni shi ne kowace jihar da ake haƙa ta mallaki na'urar XRF da ma'aikatan da aka horar, a auna kowace sabuwar mahaƙa kafin dutsenta ya shigo gari, a riƙa zagaya gidajen mahaƙa duk rani. Masu unguwanni da dagatai kuma su ware wurin niƙa a bayan gari, a riƙa niƙa da ruwa, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi da takalmi a can kafin ya dawo cikin iyalinsa.

Wassalam.

Daga wasu masu binciken ma'adinai da lafiyar al'umma, Zariya.