Masu shirya kiɗa da wasan kwaikwayo, a gyara sauti kafin a tara jama'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi magana da masu shirya taron kiɗa da wasan kwaikwayo a makarantu da ƙananan ɗakunan taro da filayen unguwa, da kuma masu zuwa kallo. Mu masu aikin sauti da dandamali ne, kuma abin yana damunmu. Mawaƙi ya iya waƙarsa, 'yan wasa sun kwashe makonni suna gwaji, amma wanda ya zauna gaba ya koma gida kunnensa na shuu, na baya kuma ko kalma ɗaya bai ɗauka ba. Dukansu biyu da wuya su sake dawowa. Yawancin gyaran ba ya bukatar sabon kaya, sanin inda za a ajiye wanda ake da shi ne kawai.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce kunne zai iya jure desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 kuwa minti 15 kacal. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa, cewa matsakaicin ƙara a cikin kowane minti 15 kada ya wuce desibel 100, a riƙa aunawa ana cikin wasa, a tanadi abin toshe kunne, a kuma ware wuri marar hayaniya inda mutum zai je kunnensa ya huta. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke can cikin kunne, masu kama da gashi, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ba shi da ma'auni ya yi wannan gwajin: in sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to ƙarar ta kai 85 ko ta wuce. Manhajar auna sauti ta wayar hannu ma tana taimakawa, ko da yake kintace take bayarwa.

Me ya sa ake murɗa ƙarar har haka? Domin ana son na baya ya ji. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da desibel 6. Lasifikar da ke ba da 110 a nisan mita 1 za ta ba da 104 a mita 2, 98 a mita 4, 92 a mita 8, 86 a mita 16, sai 80 a mita 32. Ke nan kafin na ƙarshen fili ya ji daidai, an riga an cutar da na sahun farko. Ƙara ƙarfin amfilifaya, na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ba ya warware wannan. Ninka ƙarfinta biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma ga kowa yake ƙarawa, na gaba da na baya.

Maganin farko shi ne a ɗaga lasifika. A ɗora ta kan sanda ko tebur mai ƙarfi yadda ƙaramin bakin da ke fitar da siririyar murya zai wuce kan mutum a tsaye, wato kamar mita 2 zuwa 2 da rabi, a ɗan karkatar da ita ƙasa tana kallon tsakiyar jama'a. Jikin mutum da tufafinsa suna shanye siririn sauti, kuma a cikinsa ne baƙaƙen magana suke, irin su "s" da "t" da "k". Lasifikar da aka ajiye a ƙasa sahun farko ne ke shanye mata kalmomi, na baya sai ya riƙa jin gurnani. A bar tazarar mita 3 aƙalla tsakaninta da kujerar farko.

In wurin ya yi tsawo, a sa lasifika ta biyu a tsakiya, a rage ta gaba. A nan ne ake yawan kuskure. Sauti yana tafiya kusan mita 343 a sakan, wato kamar milisakan 3 a kowace mita (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), alhali saƙon da ke bi ta waya nan take yake isa. In lasifika ta biyu tana mita 30 daga dandamali, za ta riga ta farko da kusan milisakan 87, sai mai sauraro ya ji kowace kalma sau biyu. Yawancin mikisa na zamani, wato na'urar haɗa sautuka da daidaita su, suna da wurin jinkirta sauti. A auna nisan da tef a mita, a ninka da 3, a jinkirta lasifika ta biyu da wannan adadin na milisakan. In babu wannan na'urar, gara a matso da jama'a kusa, a faɗaɗa zama gefe da gefe, da a jera lasifiku har ƙarshen fili.

Sai ƙarar nan mai tsinka kunne da makirufo ke yi ana tsakiyar waƙa. Makirufo ce ta jiyo lasifika, ta mayar wa amfilifaya, lasifika ta sake fitarwa da ƙarfi, abin ya yi ta zagayawa. Don haka lasifikun jama'a su kasance gaba da layin makirufo, suna ba su baya. Ƙaramar lasifikar da mawaƙi ke jin kansa da ita a ajiye ta a ƙasa daidai bayan makirufo, domin irin makirufon da aka fi waƙa da ita ba ta ji ta baya. Mawaƙi ya riƙe ta a jiki, bakinsa na nesa da ita da kamar yatsu biyu. In ya damƙe kanta da tafin hannu, ya toshe ramukan da ke hana ta jin baya, sai ta koma ji ta kowane ɓangare, ihu ya tashi, a hau zagin mai mikisa ba laifinsa. Makirufon da ba a amfani da ita a rufe ta, don kowace ɗaya da aka bari a buɗe tana rage yawan ƙarar da za a iya ɗagawa lafiya. In ana sa wa 'yan amshi makirufo biyu ko uku, tazarar da ke tsakaninsu ta ninka nisan baki da makirufo sau uku.

Jar fitilar da ke ƙyaftawa a mikisa alama ce saƙo ya fi ƙarfin na'ura, murya za ta fito a dakushe, ƙaramin bakin lasifika kuma yana iya ƙonewa. A rage ƙarfin saƙon daga inda yake shiga mikisa. Wajen kunnawa a fara da mikisa, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Gunjin da ake ji ƙasa-ƙasa ko ba wanda ke magana yawanci daga wuta yake: a jona duk kayan sauti a layi ɗaya, fitilu a wani layin dabam, a yi amfani da wayar makirufo mai ƙafa uku in nisa ya wuce mita 5 ko 6. Kada a kuskura a cire ƙafar fulogi ta uku don kashe gunji. Ita ce ke kai wuta ƙasa in na'ura ta samu matsala, in babu ita ta jikin mai riƙe da makirufo za ta bi. Wayar da ke naɗe a gammo a warware ta duka, domin tana zafi in tana ɗauke da kaya a naɗe. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6 saboda hayaƙinsa yana kisa, in da hali ma mita 20 saboda ƙararsa.

Ɗaki kuma nasa halin dabam. Bango da siminti da kwano suna mayar da sauti, kalma ta hau kan kalma. Magana tana fita sarai in amsa-kuwwar ɗaki ba ta wuce kamar sakan 1 ba, manyan ɗakunan kiɗa kuwa ana gina su a kan kusan sakan 2, shi ya sa ɗakin da ya dace da kiɗa yakan wahalar da 'yan wasan kwaikwayo. Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, shi ya fara auna wannan a shekarun 1890, kuma da matasan kujeru ya yi gwajinsa, yana shigo da su ɗaki yana ƙirga yadda amsa-kuwwa ke raguwa. Dabarar tana nan har yau. A tafa sau ɗaya a ɗakin babu kowa, a saurara. In sautin ya daɗe yana yawo, a rataya labule mai kauri a bangon baya, a bar tazarar ɗani tsakaninsa da bango, a shimfiɗa kafet a dandamali. Amma a guji manna soson katifa a bango. A Fabrairun 2003 tartsatsin wasan wuta ya kama irin wannan soso a wani gidan kiɗa a Amurka, mutum 100 suka rasu. Ƙofar fita biyu aƙalla, ba kwaɗo, ba kujera a gabansu, tun kafin mutum na farko ya shigo.

A ra'ayinmu ƙaramin wasan kwaikwayo ya fi daɗi ba makirufo, in 'yan wasa sun koyi fitar da murya daga ciki suna fuskantar jama'a. Dandalin Epidaurus na ƙasar Girka, da aka gina a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, yana ɗaukar mutum kusan 14,000, kuma matakalan zamansa ne ke sa kowa ya ga ɗan wasa ya kuma ji shi kai tsaye. In ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, a ɗaga dandamali santimita 60 zuwa 90, a jera kujeru a saɓe yadda kowa zai leƙa ta tsakanin kawuna biyu, sahun ƙarshe kuma kada ya wuce mita 20, domin bayan nan ba a karanta fuska. Fitila biyu daga gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace tana saukowa a karkace kamar digiri 45, sun fi kwan fitila goma a saman kai, wanda ke mayar da idanu ramuka.

Gwajin sauti a gama shi awa ɗaya kafin buɗe ƙofa: ganga da farko, sai sauran kayan kiɗa, murya a ƙarshe, kuma duk abin da ya danne murya shi za a rage. A tuna ɗaki in ya cika sauti zai ɗan dushe, don haka mai mikisa ya zauna cikin jama'a, ya riƙa ji da kunnensu.

Ku kuma 'yan kallo, wurin da ya fi daɗin ji shi ne tsakiya, kamar kashi biyu cikin uku na tsawon ɗaki, kusa da teburin mai mikisa. Kusurwa da jikin bango nan ne kaurin sauti ke taruwa. Ku riƙe abin toshe kunne na soso: a murza shi ya sirance, a ja saman kunne sama da ɗayan hannun, a tura, a riƙe sakan 20 zuwa 30 har ya kumbura. Yara ƙanana a nisanta su da lasifika, a sa musu irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya. Wanda ya makara a wasan kwaikwayo ya jira a bakin ƙofa har a sauya fitowa. Hasken waya a cikin duhu ɗan wasa yana ganinsa daga dandamali, kuma yana jin hirar da ake yi a sahu na biyar. In kuka tashi washegari kunne bai daina shuu ba, ko magana tana zuwa muku kamar ta cikin ruwa, ku huta daga ƙara, in ya wuce kwana ɗaya ko biyu ku ga likitan kunne, sannan ku sanar da masu shirya taron domin su rage a karo na gaba.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu aikin sauti da dandamali