Ciwon wuyana ya dawo, maigida kuma ya ce halina ne

Assalamu alaikum Anti,

Na daɗe ina sauraron shirinki, ban taɓa zaton wata rana tawa wasiƙar za ki karanta ba. Don Allah ki sakaya sunana. Shekarata 31, aurena shekara 7, ɗa ɗaya Allah ya ba mu.

Shekara uku da suka wuce na fara ramewa alhali ina ci kamar gara. Cikin wata huɗu na zubar da kilo 9. Ko a zaune nake zuciyata na dukan uku-uku, hannuna na rawa har sai na tallafi kofi da hannu biyu, kowa na jan bargo ni ina sharce gumi. Barci ya ƙaurace min, al'adata ta rikice. Amma abin da ya fi yi min ɓarna shi ne saurin fushi. Yaro ya zubar da ruwa, sai in rufe shi da faɗa kamar gida ya ƙona. Maigida ya maimaita tambaya sau biyu, sai in yaɓa masa maganar da in na kwanta da dare ni kaina take ba ni kunya.

Yayata ce ta fara lura wuyana ya ɗan tasa, idanuna kuma sun firfito, ta ja ni asibiti. Bayan gwajin jini likita ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da ake kira tairod. Ita ke sakin sinadaran homon guda biyu cikin jini, T4 da T3, su ne ke tsara saurin aikin jiki, har da bugun zuciya da ɗumin jiki. Ita ma tana da mai ba ta umarni, wata 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fitutari, wadda ke aiko da umarnin ta hanyar wani sinadari, TSH. Idan homon ya wadata, sai ta rage aiken. Ni kuwa garkuwar jikina ce ke ƙirƙiro wani abu mai kwaikwayon wannan umarni, tairod ta yi ta aiki ba hutu. Shi ya sa a takardar gwajina TSH ya kusa ɓacewa, T4 ya yi sama. Ya ce sunanta cutar Graves, sunan wani likita ɗan Ailan da ya yi bayaninta a 1835, kuma ta fi kama mata.

Aka ɗora ni kan carbimazole, ƙwayar rage aikin tairod, da propranolol don lafawar zuciya, aka ja min kunne cewa duk ranar da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka haɗu min, in ajiye carbimazole ɗin in garzayo a duba jinina. Wata 18 na yi ina sha. Jikina ya dawo, hankalina ya kwanta, gidan ma ya yi sanyi. Ranar da za a dakatar da maganin an gaya min kusan rabin masu ita takan dawo musu. Na sa raina a ɗaya rabin. Wata bakwai kacal na samu, rawar hannu ta dawo, gwaji ya tabbatar.

Yanzu an shimfiɗa min hanya uku, kowacce da ƙayarta. In ci gaba da ƙwaya, to ga shi muna son ƙarin haihuwa, carbimazole kuwa na iya yi wa ɗan tayi illa a wata ukun farko, sai dai a canza min zuwa wata ƙwayar mai suna PTU, shi ma sai an riƙa sa wa hanta ido. In sha aidin mai tiriri da zai kashe tairod ɗin daga ciki, dole in kauce wa ɗaukar ciki aƙalla wata 6, in nisanci ɗana na wasu kwanaki, kuma yana iya ƙara dagula idon da dama ya fito. In a yi tiyata a cire ta, akwai jijiyar murya a kusa, da wasu ƙananan tsokoki huɗu a bayanta masu kula da kalsiyam, a kan taɓa su wani lokaci. Bayan tiyatar kuma ni da levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin homon ɗin tairod, kullum safe har ƙarshen rayuwa, haka ma yawancin waɗanda suka sha aidin. Zuciyata ta fi karkata ga tiyata, ko don a wuce wurin.

Anti, ba wannan ba ne ya hana ni barci jiya. Da na kawo wa maigida maganar, cewa ya yi in zaɓi duk wadda na ga dama. Na ce masa ya yi haƙuri da ni kwanakin nan, fushin na ciwo ne. Sai ya ce, "Wuyanki ke ciwo ai, ba bakinki ba. Mai hali ba ya fasa halinsa." Ramar ya yarda ta cuta ce, bugun zuciyar ma ya yarda, don waɗannan ido na gani. Fushin ne ya ƙi karɓa, duk da shi shaida ne cewa wata 18 ɗin nan ko sa-in-sa ba mu yi ba.

Zan faɗa miki gaskiya tunda ba ki san ni ba: ba duka ya yi kuskure ba. Wasu maganganun da na gaya masa dama suna cikina tun kafin ciwon, ina danne su ne, ciwon ya zo ya cire murfin. Ni kaina na kasa raba nawa da na tairod.

To ta yaya zan ba shi haƙuri ba tare da ya ga na fake da cuta ba, kuma ba tare da na ɗauki laifin da ba nawa ba? Ta wace hanya zan shawo kansa ya raka ni wurin likita ya ji da kunnensa? Sau biyu ina roƙonsa yana cewa aiki ya yi masa yawa. Yayata ta ce in bar ta ta yi masa magana, ni kuma ina tsoron ya ce na kai ƙararsa. Sannan batun haihuwa, ya dace in fito masa fili cewa sai mun jinkirta ko da na shekara guda ne, ko in bari sai an yanke shawarar maganin tukuna?

Sati uku suka rage in koma asibiti da amsa, kuma likita ya ce in son samu ne mu zo tare.

Na gode.

Ƙanwarki mai sauraro