"Wasa nake yi" ba ya fid da mutum a gaban alƙali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana a kan ɗabi'ar nan da ta shigo wa samarinmu, ta razana bayin Allah a kan titi don a ɗauki bidiyo a ɗora a TikTok ko Facebook. Wani ya rufe fuska ya zaro bindigar roba, wani ya fizge wayar mutum ya arce, wani ya kira mahaifiyarsa da muryar masu garkuwa. Da abu ya ɓaci sai a nuna mai kyamara a ce, "Haba Baba, wasa ne fa!" Sun ɗauka shi ke nan an wanke su.

Ba a fi mu sanin wasa ba. Akwai shi tsakanin Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, taubasai, jika da kaka. Sai dai a can kowa ya san abokin wasansa, ya san inda ake tsayawa, kuma gobe shi ma zai rama. Shi kuwa wanda ya fito neman abin sawa a bakin salati, yaushe aka nemi yardarsa?

Dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa ba ta hana raha ba. Ta ma ɗauke kai daga ƙaramar cutarwar da mai hankali ba zai kai ƙara a kanta ba. Amma barazana, sa wa mutum hannu, shiga gida ba izini, ɓata suna da tayar da hankalin jama'a duk laifuffuka ne masu hukunci. Rashin mugun nufi yana iya sassauta hukunci, ba ya goge ganganci. Mai riƙe kyamara ma bai tsira ba, don akwai tuhumar haɗa baki, kuma bidiyon da suka wallafa da hannunsu shi ne shaidar farko da ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai miƙa wa kotu.

A addinance maganar ta fi tsauri. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, aka ɗauke igiyarsa, ya farka a firgice, sai Manzon Allah (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya razana Musulmi ba. A kan igiya ke nan fa. In rai ya salwanta kuwa, ko kisan kuskure ne akwai diyya da kaffara.

A unguwarmu wani yaro ya jefa wa mai awara macijin roba a kan cinya, abokinsa na ɗauka daga bayan wani adaidaita sahu. Ta zabura ta ture kaskon, tafasasshen mai ya kwarara mata a ƙauri har fata ta saluɓe. Da ƙyar mai unguwa da limami suka hana mijinta zuwa caji ofis. Uban yaron ne ya biya kuɗin magani da jarin da ya zube, bayan ya sayar da wayar da aka ɗauki bidiyon da ita.

Ko a ƙasashen da aka kwaso abin, ba a ƙyale su. A Landan, kotu ta ɗaure samari huɗu a 2016 saboda fashin ƙarya da suka shirya a wani gidan adana zane-zane, mutane suka yi ta gudun ceton rai. A Nashville ta Amurka, a 2021, wani ɗan shekara 20 ya tunkari mutane da wuƙar mahauta yana wasan fashi don YouTube, ɗaya daga cikinsu ya harbe shi har lahira. A nan gida, a 2023 kotu a Ibadan ta tsare wani mai barkwanci a intanet, Trinity Guy, a gidan gyaran hali kan bidiyon da ya yi wa wata ƙaramar yarinya tambayoyin batsa. A Kano kuma, a 2022, kotun majistare ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, kan barkwancin da suka yi da gwamnan jihar na lokacin, Ganduje. Ni a ganina wancan hukunci ya yi yawa, don shugaba ya kamata ya iya haɗiye zolaya. Duk da haka ya nuna cewa sunan barkwanci ba ya hana a gurfanar da mutum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin da muke ciki. A garin da ihun "ɓarawo!" kaɗai ya isa a tara wa mutum duwatsu da taya, mai wasan ƙwacen waya ba lallai ya kai gaban alƙali ba.

Don haka ina roƙon jaridarku ta samo lauya da malamin fiƙihu su warware wa matasa wannan batu da Hausa, a kuma yanka bayanin gajeru a sa a TikTok ɗin, tunda can suke wuni.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Fagge, Kano