Littattafan ban dariya kan ciwon damuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon ɗakunan karatu na Garwa da Marwa su ajiye littattafai biyu masu zane da suka taɓo ciwon damuwa, wato ciwon baƙin ciki mai daɗewa. Na farko Chute libre na Mademoiselle Caroline, da Faransanci, 2013. Na biyu Hyperbole and a Half na Allie Brosh, Ba'amurkiya, shi ma 2013. A cikinsa ta kwatanta ciwon da wadda kifayenta suka mutu, mutane kuma suna ta cewa bari su taya ta nemansu. Haka muke yi wa marar lafiya in mun ce "ka yi haƙuri, zai wuce".

'Yan gida su fara karantawa. Sannan a zauna da marar lafiyan a karanta tare minti 10, shafi biyu kawai, domin ciwon yana rage natsuwa. In bai yi dariya ba kada a matsa masa, sai ya ga kamar da shi ake.

Rashin barci, ƙin abinci da rashin jin daɗin komai in sun kai mako 2, a kai shi asibiti. Magani kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, nan ne da yawa ke jefar da shi. In ya ambaci kashe kansa, a ranar za a tafi, kada a bar shi shi kaɗai.

Wasu ma'aikatan lafiya, Garwa