Likita, haƙoran robana suna ƙas-ƙas in ina magana

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni malamar makaranta ce shekarata 59, haƙoran roba nake sawa sama da ƙasa yau shekara 8 kenan. Na farkon sun goge sosai har haɓata ta matso kusa da hanci, fuskata ta zurma kamar wata tsohuwa tukuf, gefen bakina kullum a jiƙe da yawu yana tsagewa. Likitan haƙori ya ce tunda babu haƙori a cikin ƙashin dasashi dole ya dinga zaizayewa a hankali, musamman na ƙasa, ga robar ma ta cinye, shi ya sa tsayin da ke tsakanin hancina da haɓata ya ragu. Aka yi min sababbi sati 5 da suka wuce.

To wlh fuska kam ta dawo, har ƙanwata tana tsokanata wai na koma budurwa, amma tun ranar ban huta ba. In ina koyarwa duk kalmar da ke da "s", irin su sannu ko sassafe, sai na sama da na ƙasa su haɗu ƙas-ƙas, yaran layin gaba suna ji suna ƙunshe dariya, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Kafin a tashi muƙamuƙina ya gaji tiɓis kamar na wuni ina tauna, nan gaban kunne yana min ciwo, dasashin ƙasa ya yi ja. Sai na cire su da dare nake jin bakina ya saki.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar awo likitan haƙorin ya ɗiga tawada a hancina da haɓata, ya ce in haɗiye yawu in ce "mmm" in saki baki ya auna, sannan in cije ya sake aunawa. Shi da kansa ya ce in mutum na zaune shiru leɓe a rufe, bai kamata haƙora su taɓa juna ba, akwai 'yar rata ta milimita 2 zuwa 4 da muƙamuƙi ke hutawa a ciki, ko wajen furta "s" da ratar ke raguwa ba sa haɗuwa. To ni na gwada a gaban madubi, ko ina zaune ba na komai nawa a haɗe suke, leɓena ma sai na matsa suke rufuwa.

Na koma sau ɗaya ya ɗan goge inda ke gurzata ya ce in yi haƙuri zan saba. Ni dai a ganina tsayin ne ya yi yawa, amma ina jin nauyin in ce masa haka kar ya ga kamar ina koya masa aikinsa.

Dan Allah Likita, sati nawa ake ba sababbin haƙora kafin a ce ba maganar sabo ba ce? In tsayin ne, ana iya rage waɗannan ko sai an sake wasu? Kuma laifi ne in dinga sa tsofaffin a aji kafin a gyara?

Taku mai sauraro kullum.