Jan ƙyallen Turawa da bijimin da bai san ja ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu fassara labaran ƙetare kan karin maganar Ingilishi “like a red rag to a bull”. Sau da yawa akan juye ta kalma da kalma, a ce “kamar jan ƙyalle ga bijimi”, mai karatu ya rasa inda aka dosa.

Hoton da ke cikinta na wasan faɗa da bijimi ne irin na Sifen, mai matakai 3. A farko ɗan wasa yana riƙe da babban mayafi, fuska ɗaya ruwan hoda, ɗaya rawaya, kuma bijimin yana kai masa hari babu fashi. Sai a matakin ƙarshe ake fito da ƙaramin jan ƙyallen da aka ɗora a kan sanda. Launin ba shi ne ke harzuƙa dabbar ba. Idon shanu na da ƙwayoyin tantance launi iri 2, na mutum iri 3, don haka ja ba ya fito musu yadda yake fito mana. Kaɗawar ce suke bi.

Wajen fassara, a fara duba ko akwai ganganci. Idan cewa aka yi wata magana “red rag” ce ga wane, ana nufin abin da ke tunzura shi ne, ko da mai maganar bai yi niyya ba. Nan “maganar ta fama masa ciwo” ko “ta harzuƙa shi” ta wadatar. Idan kuwa an ce ya kaɗa ƙyallen, takala ce da gayya, sai a ce “ya takale shi” ko “tsokana yake nema”.

Babban ramin yana wajen Amurkawa, waɗanda ke cewa “red flag”, wato jar tuta, a wannan karin magana. In babu bijimi a jimlar, “red flag” alamar gargaɗi ce, kamar a harkar kuɗi ko lafiya, ba ruwanta da fushi.

Sai “poke the bear”, wato zungurar beyar, wadda ake yawan gani a labaran Rasha saboda beyar ce dabbar da ake kwatanta ƙasar da ita. Ita tsokanar wanda ya fi ka ƙarfi ce alhali yana kwance lafiya. A nan kam muna da tamu daidai wa daida, a rubuta “ya tsokano tsuliyar dodo”.

Naka,
Mai karatu