Sodar Sabulu Ba Ta Shiri da Tukunyar Alminiyam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin iyayenmu mata masu haɗa sabulu a gida kan haɗarin zuba sodar sabulu a tukunyar alminiyam. Sodar nan sinadarin alkali ce (kishiyar asid) mai ƙarfi, a ma'aunin pH da ake gwada ƙarfin irin waɗannan sinadarai takan kai 14, wato ƙololuwar ma'aunin. Alminiyam ƙarfe ne mai saurin haɗuwa da sinadarai, wata 'yar fata siririya ce kawai ke kare shi. Soda na taɓa fatar nan sai fatar ta narke, tukunya ta soma tafarfasa tana fitar da iskar haidirojin, wadda ke kamawa nan take in ta haɗu da wuta. Ga tukunya ta hude, ga sabulu ya ɓaci.

A jiƙa sodar a bokitin roba mai kauri. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, kada a kwara mata ruwa, don zafin da take yi yakan sa ta fallatsa. Kilo ɗaya na manja, kimanin giram 140 na soda ya ishe shi. In ta yi yawa, sabulun zai ci fata.

In ta fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa minti 20, sannan a garzaya asibiti. Kada a ɗiga lemon tsami wai don ya kashe ta.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Kano